Lambar Wayar da Ta Kauce Wuri Biyu

Shekarar da na yi aikin rajista a sansanin ƴan gudun hijira na Assaga, wuni nake a ƙarƙashin rumfa da ordinatar, wato kwamfuta, a kan cinya, ina shigar da waɗanda suka gudo daga ƙetaren kogin Komadugu. Suna, gari, yawan iyali, sai lambar waya in akwai.

Wata Talata wani tsoho ya zo ya tsuguna a gabana. Ba rajista ta kawo shi ba. Ƙanensa yake nema, wanda suka rabu tun ranar da garinsu ya watse. Wani ɗan garinsu ne ya faɗa masa lambar ƙanen sau ɗaya a kasuwar tattasai ta Diffa, shi kuma ya haddace, don ba ya rubutu. Ya sa an kira masa, layin bai shiga ba.

"Ƴata, duba mini a cikin akwatin nan naki," ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci.

Na fara da suna, amma sunan ƙanen irin wanda in ka kira a masallaci sahu guda zai waiwayo ne. Na koma kan lamba. Ya jero mini ƙwayoyinta takwas ba gargada, na buga, na'ura ta ce babu. Sau uku yana maimaitawa, bai canza ko ɗaya ba.

Shugabarmu, wata Badamagariya da ta karanta ilimin kwamfuta, tana jin mu. Ta jawo kujera ta ce, "Ke kin ce mata ta nemo daidai wa daida. Ce mata ta yafe kuskure ɗaya."

Ban taɓa sanin na'ura tana yafiya ba. Na tambaye ta yadda ake yi. Ta ce ai ɗora lambar tsoho za ta yi a kan kowace lamba, ta ƙirga wuraren da suka saɓa. Na ce, "Duk listar nan, ɗaya bayan ɗaya?"

Sai ta ɗauki biro ta raba lambar gida biyu a bayan wani kati. "In kuskure ɗaya ne, gida nawa zai ɓata?"

"Ɗaya."

"To ɗayan gidan lafiyarsa lau. Sai ta fara tsamo masu kama da rabin farko ko na biyu, su kaɗai za ta tsaya ta auna." Ta ce in kuma kuskure biyu ake zato, a raba uku, dole gida ɗaya ya tsira. Na daɗe ina kallon katin nan, ina neman inda dabarar za ta karye, ban samu ba.

Da kuskure ɗaya ba mu sami kowa ba. Da biyu, lambobi huɗu suka fito. Shugaba ta sa yatsa a kan ta ukun: ƙwayoyi biyu ne na tsakiya suka yi musayar wuri. Ta ce kunne ya fi yin irin wannan. Sunan da ke jikin lambar na mace ne, amma da na karanto sunan gari, tsoho ya miƙe tsaye.

"Matarsa ce! Wallahi matarsa ce."

Da wayata muka kira. Barbarci suka yi, ban tsinci komai ba sai sunan Allah da yake ta ambata, ni kuma ina tallafe masa wayar. Ashe sun bar Assaga tun kafin damina, ƙanen yana ban ruwa a gonar tattasan wani a bakin kogi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Na ce, "Baba, ko ruwa ka sha." Ya ce zai sha a can. Ya sa mana albarka ya nufi titi neman mota.

Bayan ya tafi na ce wa shugaba, "To me zai hana mu yafe huɗu, kowa ya sami nasa?"

Ta yi dariya ta ce in gwada. Na gwada. Lambobi suka yi ta zubowa shafi bayan shafi, har da ta direbanmu, wanda shi ma yana cikin listar. Ina cikin gangarawa ina neman ƙarshensu, wata mai goyo da ke gaban layi ta yi gyaran murya, na rufe na ce ta matso.