Ranar da na kashe bijimin taubashiyata da baki

Ni dai wautata ba ta tsufa ba, gemu ne kawai ya yi fari. Shekarun baya na kusa kai taubashiyata kabari da wasa.

'Yar kawuna ce, tana aure a Kahu, kuma tun muna yara muke tsokanar juna. Tana da wani bijimi da ta shekara biyu tana kiwo, ta fi ji da shi a kan mijinta. Muka haɗu a wani suna a Lausu, na gyara fuska na ce, "Hajiya, sai haƙuri. Bijimin nan ya ci takin zamani, ko yanka ba a samu yi ba."

Ta dafe ƙirji ta zube. Ni kuwa na ɗauka ramuwa take, na tsaya a kanta ina ƙyaƙyata dariya ina cewa, "Tashi, tsohuwa, na gano ki!" Sai da na ga gumi na keto mata na daina.

Daga asibitin Rano aka tura mu Kano. Aka yi hoton zuciya, likita ya ce ƙasan zuciyar ya buɗe kamar tulu, ba ya matsawa. Aka duba jijiyoyin jini, ba inda ya toshe. Bayan kwana biyu suka cire mata 'yan kunne da warwaro, suka tura ta cikin wata na'ura mai maganaɗisu, kamar kwalbati. Likitan ya nuna mana hoton mai launi-launi, wai nan ake gane naman da ya mutu da wanda ya kumbura kawai. Ni ban ga komai ba sai zanen atamfa.

"Babu inda ya mutu," in ji shi. "Firgici ne ya bugi zuciyar. Baba, wane mugun labari ta ji?"

Duk 'ya'yanta suka juyo suka kalle ni. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Bayan wata biyu aka sake hoto, zuciya ta koma daidai, alhamdulillahi. Har yau ina tsokana, amma na daina kashe abin kowa da baki.

Da na je gaishe ta, bijimin na tsakar gida yana tuƙa abinsa. Ta dube ni ta ce, "Malam, ina ƙasa na ji dariyarka, ina gadon asibiti na ji kukanka. Wanne zan riƙe?"