Shekarar da Kakata Ta Yi Ruwan Sama

Har yau in na ji ruwa yana ɓulɓulowa daga bakin buta zuwa cikin kwalba sai dariya ta kama ni, ko da a tsakiyar taro nake. Aikina faɗakarwa ne kan sauyin yanayi da rubuta wa hukuma shawarwari, kuma abokan aikina sun ɗauka gajiya ce take taɓa ni. Ba su san kakata ba ne.

A shekarun farin nan ne, ina 'yar takwas ko tara, a ƙauyenmu da ke gaba da Bici. Damina ta shigo tana jan ƙafa. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone, ta ukun ta tsaya iya gwiwa tana naɗe ganye. Gonakinmu a manne suke da juna, babu daji balle a shiga neman abin kaiwa baka, sai tafasa da rama. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini.

Ana cikin haka malamin gona ya zo a kan keke, wani siririn saurayi mai yawan gumi. Da yake kakana ne mai unguwa, a bayan gidanmu ya kafa wani gwangwani mai mazurari a baki da kwalba a ciki. Ya ce ma'aunin ruwan sama ne, kada kowa ya taɓa, duk Laraba zai zo ya duba ya rubuta.

Larabar farko ya ɗaga kwalba, wayam. Ya yi ajiyar zuciya ya hau kekensa, kaka tana leƙensa ta kafar danga. Ku da ba ku san ta ba, mace ce da ba ta mayar da kwanon maƙwabta haka nan, ko daddawa guda ce sai ta jefa a ciki. A ganinta wannan kwalba kwanon baƙo ne aka ajiye a gidanta.

Laraba ta biyu da sassafe ta miƙo mini buta. "Je ki ɗan zuba wa yaron nan. Kada ki cika, ba ma son fariya."

Na zuba. Malam ya zo ya ɗaga kwalba, ya dubi sama, ya dubi ƙasa a bushe ƙamas, ya sake duban kwalba. Ya tambayi kakana ko an yi ruwa. Kakana bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma ba ya son a ce rahama ta sauka yana barci, sai ya ce, "To, ikon Allah ai ya wuce haka." Malam ya rubuta.

Daga nan duk Laraba sai an yi ruwa a unguwarmu. In kaka tana cikin nishaɗi a yi mamako, in sun saɓa da kakana a yi yayyafi. Ni kuwa sai jin kai nake, don butar a hannuna take.

Asiri ya tonu ranar da motar hatsin agaji ta zo. Muna tsaye a bakin hanya da ƙwarya da buhu, ta wuce mu ta sauke a unguwar gaba. Kakana ya tsare malam a zaure, dattawa sun cika. Malam ya buɗe littafinsa ya ce shi ma abin yana ɗaure masa kai, amma a duk yankin nan mu kaɗai muka samu ruwa, shi ya sa aka cire mu. Akwai masu jego a unguwar, akwai yaran da ƙafafunsu suka fara kumbura. Ni kuwa ina raɓe a bayan ƙofa ina jin komai.

Sai ga muryar kaka daga cikin gida. "Ni ce. Yaro ya taso tun daga Bici cikin rana ya koma hannu rabbana? A gidana?"

Kakana ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe shekara arba'in da hadari nake zaune ban sani ba." Duk da yunwa sai da dattawa suka dara.

Malam ya ce ba zai iya gyara takarda ba sai ya ga shaidar babu hatsi da idonsa, kuma nan dariya ta ƙare. Rumbun kaka ko 'ya'yanta ba sa leƙa shi. Ta yafa mayafi ta fito gaban maza, ta sa aka ɗaga jinka. Malam ya hau tsani ya leƙa, ya daɗe bai sauko ba. Babu komai a ciki sai ƙaiƙayi da ƙadangare ɗaya. Ba ta sunkuyar da kai ba, amma ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Hatsi ya iso bayan mako uku. Har ta rasu mata suna tsokanarta a gidan suna, "Inna, a taimaka wa gyaɗata ranar Laraba."

Yanzu ni ce mai zuwa da littafi, a mota, kuma na'urorinmu da kansu suke aika awonsu, babu mai iya yi musu kara. Mutanen ne ba su sauya ba. In na tambayi tsohuwa yaya damina ta ce sai godiya, ba na rubutawa. Tabarma nake nema in zauna ana hira har la'asar ta yi sanyi, ina satar kallon madafa in ga ko za a hura wuta.