Makaɗiyar Hayaƙin Roba

Renata Sobczak 'yar unguwarmu ce a birnin Akron na Amurka, gidansu na jikin katangar masana'antar taya. Mahaifinta, Baba Zygmunt, can yake aiki, ranar Asabar kuma ya yi kiɗa a bukukuwan 'yan Poland. Tun tana ƙarama ita ke buga masa ganga, hannunta ya saba da polka, kiɗa mai sauri da ba ya barin mutum ya numfasa.

A 1979 wani abokinmu, Dwight Haskell, ya dawo daga New York da faya-fayen kiɗan punk, ya tara mu a ɗakin ƙasa na gidansu. Shi ke waƙa, ko in ce ihu, ni kuma na rungumi jita ban iya ba. Renata ta saurari faifai ɗaya ta ce ai kiɗan babanta ne, fushi kawai aka ƙara masa. Ta karɓi ganga, muka sa wa ƙungiyar suna Hayaƙin Roba. Waƙoƙinmu duk a kan sallamar ma'aikata ne, bugunta kuwa na injin matse taya ne da ta tashi tana ji ta bango.

Da muka fara suna, aka gayyace mu wasa gari-gari har California. Ana gab da tafiya ɓarin jikin Baba Zygmunt ya shanye. Uwarta ta rasu tuni, yayyenta maza suna wasu jihohi, kowa ya ce ai ita ce a gida.

Dwight ya je har ƙofa yana roƙonta, wai wata biyu ne kawai.

"Wa zai riƙa juya shi a gado, kai?" ta ce. "Ku tafi. Ku dai nemi mai saurin hannu."

Muka tafi da wani. Bai iya ba, ƙungiyar ta watse a hanya. Dwight ya zauna can, ni na dawo.

Ta fi shekara goma tana jinya. Tsohon ba ya jure ƙara, sai ta lulluɓe gangunan da barguna, daga baya ta daina zuwa wurinsu. Masana'antar ta rufe, maƙwabta suka tashi, gidan ya ƙi sayuwa. Kafin ya rasu ciwon gaɓoɓi ya riga ya kama yatsunta. Ta yi tuƙin motar 'yan makaranta har ta yi ritaya.

Bara wasu samari suka zo daga Cleveland neman tarihin ƙungiyar. Ta ba su kofi, ta ce su tambaye ni, ita ta manta. Tana nan a gidan, a ɗakin mahaifinta take kwana, don ba ta iya hawa bene.