Filin Baba na Kamazou

Shekarar da sojoji suka koma bariki na dawo unguwarmu Makera da digiri a kan sufurin jiragen sama. Gwamnatin jiha ce ta tura mu wata jami'a a ƙasar waje, ta biya kuɗin aji da na ɗaki. Kuɗin tuƙi kuwa, wato na hawa ƙaramin jirgi da malami a gefe har a ba mutum lasisi, aka ce yana tafe. Har muka gama bai iso ba. Na san yadda iska ke ɗaga fiffike, na iya karanta taswirar yanayi, amma babu kamfanin da zai ba ni ko akwalar jirgi in tayar.

Wannan bambancin na kasa fahimtar da mutanen unguwa. A wurinsu wanda ya karanta jirgi direban jirgi ne. Tun ban sauke jaka ba suka laƙa mini Kyaftin. Akwai wata Hajiya mai waina a bakin layinmu, ba na wucewa ba ta tare ni ba.

"Kyaftin, bana kai za ka kai mu Makka? Ka ajiye mini kujerar taga, kuma kada a auna mini jaka."

"Hajiya, ai ban fara ba tukuna. Da sauran abin da ya rage."

"Sauran me kuma? Autana ko firamare bai gama ba, ɗan zaman kwandasta ya yi, ga shi yana jan bas zuwa Sabon Tasha. Kai shekara da shekaru!"

Sai in yi dariya in wuce, raina a jagule.

Mahaifina yana aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Gidan haya muke. Abin da ya mallaka a duniya fili ne a Kamazou, can gefen gari, wanda ya saya da guminsa tun wurin yana daji. Duk Lahadi yakan hau keke ya je, ya yi shara, ya duba bulon da ya kafa a kusurwoyi da mangwaron da ya dasa. Burinsa ya yi ɗaki ciki da falo, ya huta da sallamar mai gida a ƙarshen wata.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya tambayi kuɗin lasisin. Na faɗa masa, ina cewa kiyasi ne, yana iya fin haka. Ya ce filin zai kusan biya. Har ma ya sami mai saye, abokin aikinsa ne, wani dattijon coci da muke kira Baban Filato.

"Asabar mai zuwa za mu haɗu a can da shaidu," in ji shi. "Kai ka yi boko. Ka auna mana. In ka ce abin zai fid da kuɗinsa, in sallama."

Na san nauyin wannan kalma a bakinsa. Mutum irin Baba in ya ce ya sallama a gaban shaidu, ya karɓi kafin alƙalami, ko washegari aka gano zinariya a filin ba zai waiwaya ba.

Sai na shiga yawon tambaya. Wani tsohon matuƙi da aka haɗa ni da shi ya ce albashin yana da kyau, in an biya. Shi kansa yana bin kamfaninsu bashin watanni. Ya ce lasisi kamar fura yake, in an ajiye shi tsami yake yi, sai an riƙa sabuntawa ana ganin likita, duk da kuɗi. "Kuma kamfani wanda ya daɗe a sama yake nema," in ji shi, "kai kuwa ba za ka daɗe a sama ba sai sun ɗauke ka." Na fito na karaya. Washegari wani injiniya ya ce mini kada in saurari tsofaffi. Farar hula sun dawo, 'yan siyasa ba sa zama wuri ɗaya, sababbin kamfanoni na nan tafe, duk mai lasisi ya tsinci dami a kala. Na fito ina jin ƙarfi. Kafin in kai tasha na tuna cewa shi ba filin ubansa za a sayar ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk su biyun ina ganin gaskiya suka faɗa. Mahaifiyata ta gaji da ni.

"Kai dai kullum wataƙila," ta ce. "Ko tuwo aka ce ka ci, sai ka ce ya danganta. Ubanka magana ɗaya yake jira."

Ranar Asabar muka tarar da Baban Filato a gindin mangwaron, da shaidunsa da dillali. Suka gaisa da Baba da irin tsiyar da suka saba.

"Malam, ka sallama mini kawai," in ji Baban Filato. "Sharaɗina ɗaya, in yaron nan ya fara tashi, ya riƙa rage gudu in ya zo saitin rufina. Kwanon bashi zan sa."

"Kai da ko keke tsoro kake ji, ina ruwanka da jirgi?" in ji Baba.

Aka yi dariya. Aka yi ciniki, farashin da ya taya babu zalunci a ciki. Sai Baba ya juyo gare ni.

Na fara bayani. Na ce in kamfanonin sun buɗe, in kuma sun ɗauki sababbi, mai yiwuwa cikin 'yan shekaru kuɗin ya dawo, sai dai akwai batun canjin dala, sannan ba a san ko mulkin nan zai ɗore ba.

"Kyaftin, e ko a'a?" in ji dillali. "Rana na yi, ina da wani cinikin."

Baba ya ɗaga masa hannu. "Abu ɗaya nake tambayarka. In na sallama, za ka gina mini wani kafin ƙarfina ya ƙare?"

Na dubi hannuwansa da rini ya riga ya zauna a farcensu. Na so in ce e. Wallahi na so.

"Baba, ba zan iya yi maka alkawari ba."

Ya juya wajen abokinsa ya ce, "Albarka." Dillali ya yi tsaki ya buga babur ɗinsa. A hanya Baba ya ce na kyauta da ban yi masa ƙarya ba. Titi yake kallo sa'ad da ya faɗa.

Na ɗauka ko ba komai na tsare masa filinsa. Ba a daɗe ba rikicin addini ya ɓarke a garin, mutane suka shiga ƙaura, kowa yana neman inda nasa suka fi yawa. Baba ya daina zuwa Kamazou, don can ba namu ne suka fi yawa ba. Baban Filato ne ya riƙa kula da wurin, yana korar masu son cin iyaka. Masaƙa kuma ta fara rage ma'aikata, har ta kai kan Baba. A ƙarshe dai Baban Filato aka sayar wa filin. Masu neman sayarwa da gaggawa sun yi yawa, farashi ya faɗi. Ya biya fiye da tayin kowa, amma kaɗan-kaɗan, don shi ma albashinsa ya tsaya. Kuɗin ya tafi a haya da cefane. Ko rabin lasisi ba zai yi ba.

Ni na sami aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi, kuma ba zan ce digirin bai taimaka ba, ko da yake wanda ke teburin kusa da ni tarihi ya karanta. Cikin waɗanda muka yi karatu tare, ɗaya an sayar da motar ubansa, yau yana tashi, ya gina wa iyayensa gida. Wani an sayar da gidansu, ya sami lasisin, bai sami jirgi ba, yana sayar da wayoyi. Duk wanda ya tambaye ni ko karatun ya biya kuɗinsa, su biyun nake ambata masa, sai in ga ransa ya ɓaci kamar yadda na dillali ya ɓaci.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba, yana nan a gidan haya. Baban Filato ya yi gininsa, bai sare mangwaron ba, kuma duk shekara yakan aiko da kwando guda. Baba ya zauna a tabarma ya sha, ya ce irin mai kyau ne, shi ya zaɓo shi da kansa. Ya miƙo mini ɗaya. Nakan karɓa in ce sai an jima.