Abin Da Na Liƙa A Hular Farfela

Ban taɓa shiga jirgin ba. Sau ɗaya na gan shi, shi ma a wayar maigidana: fari, ɗan ƙarami, kujera huɗu, da farfela mai fiffike biyu a hanci. Na ce masa, "Malam, wannan ai bai fi motar haya ba." Ya ce, "A ido ke nan. A cin kuɗi ya fi motar haya goma."

Lokacin ba mu daɗe da barin unguwar Karantina ba. An rushe layinmu, muka kwashi katifa da tukwane muka sami ɗaki ɗaya a Waziriyya, saman shagon wani mai facin taya. Ni da umra na shigo ban koma ba, ba ni da takarda, yarinyar da na haifa a nan ita ma ba ta da ita. Iƙama, wato takardar zama, ɗaya ce a gidanmu, ta maigida, kuma tana rataye a wuyan kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, wani Balarabe mai shaguna a Sharafiyya. Shi ne mai jirgin. A takarda maigida direba ne. A zahiri shi ke wanke jirgin a wani ɗan fili can bayan gari, ya tura shi waje, ya riƙe wa injiniya fitila da sifana. Idan kafili zai tashi kuwa, sau da yawa sai ya ce masa, "Yalla, hau," don ba ya son zama shi kaɗai a sama.

Wannan hawan shi ya hana ni sakat. Ranar da suka tashi ba na iya haɗiye abinci. Ina goye da yarinya ina zagaya ɗaki, waya a hannu, har sai ya kira.

Akwai wata tsohuwa 'yar Nijar a ƙasanmu, tana sayar da dambu, muna ce mata Inna. Ita ta lura da ramar da nake yi. Da na gaya mata dalili, sai ta buɗe akwatinta ta ɗauko wata laya a jar fata, ba ta kai tsawon babban yatsa ba, amma da ɗan nauyi. Ta ce ta marigayi mijinta ce, direban babbar mota, shekara da shekaru yana ratsa sahara ko taya bai taɓa fashe masa a mugun wuri ba.

"Amma ba a jikin mutum ake sa ta ba, ɗiyata," in ji ta. "A jikin abin hawan. Can gaba, inda yake fara tsaga hanya."

Na san maigida ba zai yarda ba. Ya sha faɗa mini a ƙasar nan laya ba laya ba ce, sihiri suke ce mata, kuma wanda aka kama da ita ba ya kwana a gidansa. Na ɓoye ta a gwangwanin shinkafa.

Bayan kwana kaɗan sai ga shi ya shigo da wani abu a buhu, kamar mazurari babba na ƙarfe. Ya ce hular farfela ce, wadda take rufe tsakiyarta a can hancin jirgin. Kafili ya ƙi biyan masu gogewa, ya ce direba ya kai gida ya goge. Ya goge ta har ina ganin fuskata a jiki, ya ajiye a kan tabarma, ya tafi sallar la'asar.

Can gaba, inda yake fara tsaga hanya. Kamar Inna tana ɗakin.

Na leƙa ciki. Akwai wani faifan ƙarfe a manne a ciki, da rami a tsakiya wanda hannuna zai shiga, nasa ba zai shiga ba. Na shafa wa layar gam ɗin da nake liƙe takalman yarinya, na zura hannu ta ramin, na manna ta a gefe, bayan faifan, inda ido ba ya kaiwa. Na danne har na ƙirga ɗari. Da ya dawo ina wanke kwanuka.

Sati bai cika ba ya dawo da yamma ya zauna bai cire takalmi ba.

"Jirgin nan yana rawa," ya ce.

"Rawa kamar yaya?"

"Kamar mai zazzaɓi. A ƙasa lafiya lau. Da an ba shi wuta sai ki ji tafin ƙafarki yana zuu. Na aza kofin shayi a gaban gilashi, shayin sai da ya yi ta zane-zane."

Na ce Allah Ya kyauta. A raina har na gode wa Allah da layar take ciki. Wallahi haka na yi tunani.

Sati uku suna nema. Kullum yana dawo mini da labari, ni kuma ina riƙewa, don ni ba na manta abu. Sun bi fiffiken farfelar da yatsa ko tsakuwa ta ɓantare wani wuri, babu. Sun dasa katako a ƙasa suka juya ta da hannu a hankali, su ga ko bakin fiffike biyun yana wucewa ta wuri ɗaya, yana wucewa. Sun cire fulogai sun wanke. Sun ɗaure notuna da sifanar da take ƙara idan ɗauri ya kai. Suka zargi robobin da injin yake zaune a kansu, aka yi odar sababbi daga waje, aka jira, aka sa. Rawa tana nan.

Injiniyan wani dattijo ne ɗan Sudan, da awa ake biyansa, ko gaisuwa ya tsaya yi agogo yana tafiya. Maigida yakan kwaikwayi kafili yana lissafa da yatsu, yana hura hanci: hayar rumfar da jirgi ke kwana, inshora, mai, duba na shekara, ga robobi da ba su yi maganin komai ba. "Jirgin da ko yana tsaye yana ci! Ko matana biyu ba su ci kamarsa ba!" Mukan yi dariya. Amma ranar da ya ƙara da cewa kafili ya ce in har sai an sayi sabuwar farfela to halas, magana ta ƙare, zai sayar da jirgin, babu wanda ya yi dariya. Dama direbobi biyu gare shi; in babu jirgi, me zai yi da na uku? In babu kafili babu iƙama. Kuma duk da rawar ba su daina tashi ba. Kafili ya ce sai a sama ake jin ta, dole a gwada.

Ranar wata Talata fankar ɗakinmu ta dame shi. Dama tun da muka tare take kaɗa kai tana ƙiƙi-ƙiƙi. Ya hau kujera, ya ce in miƙo masa kwandala da salatif. Ya liƙa a bayan fiffike ɗaya, ya kunna, ta ƙara haukacewa. Ya mayar kan na biyu. Sai fanka ta yi tsit, iska kawai.

"Kwandala ɗaya?" na ce.

"Ke dai. Abin da yake juyawa ba ya son gefe ɗaya ya fi gefe. Ta jirgi ma haka ne, ita ta ma fi tsanani. Nauyin ƙwallon dabino a gefe guda ya isa ya girgiza jirgin gaba ɗaya."

Ina riƙe da ƙafar kujerar. Layar ta fi ƙwallon dabino uku nauyi.

Yana sauka yana ci gaba da magana, bai kalle ni ba. Jibi Alhamis injiniya zai zo da na'urar da ke auna rawa, wadda take nuna gefen da ya yi nauyi. Amma injiniyan ya ce kafin ya jona ta, sai ya cire hular ya leƙa cikinta da ɗan madubi da fitila, a gaban kafili, don kafili ya ce ya gaji da biyan aikin da bai gani da idonsa ba.

Na fita baranda da yarinya. Ina kallon mai faci yana tura taya cikin ruwa yana neman inda take kumfa. Ɗan madubi. Jar fata. Kuma duk filin nan an san hannun da ya kai hular gida. Ba za su tambayi matar da ba ta ma cikin takarda ba. Shi za su kama, a ce baƙin direba ya yi wa kafilinsa asiri a jirgi.

Na so in sauka wajen Inna, na fasa. Me za ta yi mini? Hannunta ba zai kai filin jirgi ba.

Laraba da safe yana shan shayi na zauna a gabansa. Ban taɓa zama haka ba in yana karyawa.

"Lafiya, maman yarinya?"

"Malam, ni ce."

"Ke ce me?"

"Rawar. Ni ce na sa."

Ya fara murmushi. Da na gaya masa, tun daga akwatin Inna har gam ɗin takalmi, murmushin ya tsaya a fuskarsa bai tafi ba, abin ya fi ɓacin rai ban tsoro. Ya ajiye kofin a hankali.

"Sati uku," ya ce. "Sau biyar na hau."

"Don kai na yi."

"Na sani. Shi ya sa ban san me zan ce miki ba." Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo. "Hannuna ba ya shiga ramin nan. Ba ni abin da kike juya wainar fulawa."

Ya tafi da cokalin ƙarfe mai dogon hannu a cikin rigarsa.

Bai kira ba sai bayan azahar. Ya ce ya jira mai gadi ya tafi cin abinci, ya kwance hular, ya yi ta ƙwaƙula har ta faɗo. Ya kankare gam ɗin iya inda cokali ya kai, ya mayar. Da ya dawo ya ajiye mini layar a kan tabarma, gefe ɗaya ya yage.

Abin da ya faru ranar Alhamis daga bakinsa na ji. Injiniya ya cire hular, ya zura madubi, ya daɗe yana kallo. Kafili yana tsaye yana waya. Sai dattijon ya sa wani dogon hantsaki ya ciro wani abu, ya rufe a tafinsa. Ya matso kamar zai karɓi sifana, ya zura wa maigida a aljihun gaba. Guntuwar jar fata ce, da zare a jiki.

"A garinmu ma ana yi," ya ce masa ƙasa-ƙasa da Larabci. "Amma mu a wuya muke ratayawa."

Sannan ya kira kafili ya nuna masa wani abu dabam: tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga ramin noti ɗaya ta nufi na kusa da shi. Rawar ce ta yi ta. Ya ce da ta haɗe, hular za ta yage a sama, kuma gilashin gabansu za ta nufa. Kafili ya ɗauka tsagar ce ta kawo rawar tun farko. Injiniya bai gyara masa ba. Aka yi odar sabuwar hula, kafili ya zagi kuɗinta, ya zagi ranar da ya sayi jirgi. Da aka ɗaura aka jona na'ura, ɗan zoben ƙarfe guda aka ƙara a gefe, shi ke nan. Shayi ya daina zane.

Bai sayar ba. Kullum dai yana cewa zai sayar.

Iƙamar tana nan. Amma yanzu ba a hannun mutum ɗaya take ba, a hannun biyu take. Dattijon bai sake tada maganar ba, sai dai duk zuwansa yakan tambayi maigida, "Ya mutanen gida?" Da can ba ya tambaya. Maigida ya ce kirki ne. Wataƙila.

Layar na mayar da ita gwangwanin shinkafa. Ina tsoron ajiye ta, ina tsoron jefar da ita, kuma na kasa kallon Inna in ce mata karɓi. Gobe ma za su tashi, babu komai a hancin jirgin. Salatif ɗin fankarmu ya fara ɗagowa ta gefe ɗaya. Tun shekaranjiya nake jin ta tana so ta soma ƙiƙi-ƙiƙin nan.