Malama Je-ka-gani, Wa Zai Faɗa wa Yaya?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, ina wurin aiki, hannuna cikin safar roba, aka kira ni aka ce Allah Ya yi wa Malama Je-ka-gani rasuwa bayan gajeriyar jinya. Na zauna a kan buhun dusa.

Malama, mu da muka bi ta ofishinki a sakandare muka laƙaba miki wannan suna, kuma kin sani. Ofis ne ɗan tsukuku a ƙarƙashin bene, da fanka mai kuka. Duk ɗalibin da ya shigo ya faɗi abin da zai karanta a jami'a, ba kya musu, ba kya yabo. Sai ki ce, "Je ka gani." Ki nemo tsohon ɗalibinki mai wannan sana'ar, ki tura yaro ya wuni da shi, ki kuma roƙe shi ya zaɓi ranar da aikin ya fi gundura.

Ni da ƙafafa na zo miki, wai lauya zan zama, don na ga rigar a talabijin. Kika tura ni kotu. Aka yi ta ɗage shari'a, na yi barci har sai da ɗan sanda ya taɓa ni. Da na dawo kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Ranka ya daɗe, an yanke hukuncin ko sai ka farka?" Daga baya kika ga yadda nake ɗawainiya da kyanwar makaranta da ta karye, kika tura ni asibitin dabbobi. A can nake har yau, kuma ban taɓa wayar gari ina ƙin aikina ba.

Yayana ma ɗalibinki ne. Likitanci ya so, makinsa bai kai ba, kika yi ta lallashinsa har ya karanta haɗa magunguna. Yaya in ya kafe, ko uwarmu ba ta tanƙwara shi. Amma in kin shiga shagonsa, tsaye yake miƙewa. Ke kaɗai yake ji.

Shi ya sa mutuwarki ta zo mana da ciwo biyu. Autarsa ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ya rantse sai ta zama likitar da bai zama ba, ita kuma don kunyar uba ta amsa. Duk da kin yi ritaya, na kai miki ita gida. Kika tura ta sashen gaggawa na asibiti. Ta dawo ta yi amai a bakin ƙofa saboda jinin da ta gani, ta kasa cin abinci. Kika tura ta ofishin masu zanen gine-gine, sai da masinja ya kaɗa mata makulli ta san an tashi. Ta samu gurbin likitanci, amma akwai sauran damar canzawa zuwa zanen gine-gine idan uba ya yarda. Kika ce mini, "Bar ni da shi. Ranar Asabar zan je shagon, na san kunnen da yake ji da shi."

Asabar ɗin a gidanki ta same mu, muna zaman makoki. Ina gefen Yaya ya ce wa maigidanki, da hawaye a idonsa, Auta za ta zama likita albarkacin tarbiyyar Malama. Jama'a suka yi ta sa albarka.

Da muka fito na ja shi gefe. Na ce, "Yaya, wallahi Malama zuwa za ta yi ta roƙe ka. Yarinyar nan ba za ta iya ba."

Ya ce, "Kai, ji tsoron Allah! Don ta mutu za ka sa mata magana a baki? Je ka ji da awakinka."

Ba ni da shaida, Malama. Ba kya rubuta irin wannan, ba kya aike, ƙafarki kike kaiwa. Na bi ta wurin matarsa, na bi ta wurin kawunmu, duk an shuka dusa. Yanzu an rufe damar canjin. Zuciyata ta karye, domin na san irin rayuwar da ke jiran mai tashi kullum zuwa aikin da yake tsoro, kuma ke kika koya mini ganin haka.

Jiya Auta ta zo asibitinmu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baffa, ka daina wahalar da kanka. Ka dai riƙa barina ina tsayawa in kuna fiɗa, ko zan saba da jinin."

Allah Ya jiƙanki, Malama. Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk yaron da kika ɗora a hanya ya zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da jikokinki, da ɗaliban da ba za su ƙirgu ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ita kuwa Auta, Allah Ya ba ta juriya, don ban san abin da ya rage in roƙa mata ba.