Tsagar Saratu

Shekaru sun ja, amma ranar da Malam Istifanus ya shigo shagonmu rungume da hoto cikin tawul ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuke gyaran hoto a waya kuna watsawa kafin shayi ya huce, ku ba ni aron kunnuwanku.

A ƙarshen mulkin soja ne. Ina aiki a wani shagon hoto da ke Sama Road, mu uku: Alhaji mai shago, da babban mai ɗaukar hoto, sai ni mai wanki da bugu a ɗakin duhu. Da Alhaji ya sayo tsohuwar kwamfuta da sikana, ni aka ɗora a kai, don na ɗan taɓa boko. Kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Aikin kuwa hawa uku ne. A ɗora hoto a sikana ya shiga kwamfuta, a gyara haske da launi a manhaja, sannan a matse shi ya ƙanƙance don ya iya bin layin tarho zuwa intanet.

Allon kwamfutar irin mai ƙeya ne, da madanni biyu a ƙasa, na haske da na kaifin launi. Tun ranar farko Alhaji ya murɗe su ƙasa ya manna salatif. Ya ce da ni, "Sanda, kak ka taɓa wanga wuri. Haske shi ka cinye kwalbar allon, ni ko ba ni sayen wata." Ban musa ba. Wanda ya shekara goma a ɗakin duhu, duhu ba ya damunsa. Ga shi allon ya tsufa, komai a cikinsa yana ɗan ja.

Malam Istifanus tsohon malamin firamare ne, mutumin Filato, ya fi shekara talatin a Sakkwato. Hoton na matarsa ne, Saratu, an ɗauka zamanin kuɗin mai, lokacin da hoto mai launi ya fara shigowa gari. Ba a jima ba ta rasu wajen haihuwar 'yarsu Rifkatu. Wannan kaɗai ne hotonta a duniya, mai ɗaukar ma ya daɗe da barin gari da fim ɗinsa. Rifkatu tana aikin jinya a Ingila, ta haifi mace, an sa mata sunan kakarta, mijinta kuma ya buɗe wa iyali shafi a intanet.

"Ɗana, so take yarinyar ta tashi tana ganin mai sunanta," in ji shi. "Amma ka bi a hankali, rufina ya yi yoyo da damina."

Ruwa ya shiga firam ɗin, takardar ta manne da gilashi, launin ya koɗe. Na ɗora shi a sikana da gilashinsa. A allona fuskar ta fito duhu, sai na yi ta ƙara haske, ina ƙara kaifi, har kumatunta suka yi sumul, launin wankan tarwaɗa mai kyau. Malam ya leƙa ta bayan tabarau ya ce kai, kamar ranar aure. Daɗi ya kama ni. Da yake kwamfutar ba ta da wurin ajiya sosai, na ajiye gyararren a kan na asalin, na matse shi, na aika wa Rifkatu.

Sai ya roƙi a sauya masa firam. Na jiƙa gilashin don takardar ta saki. Ta saki kuwa, amma fuskar ta narke ta bi ruwa, aka bar ni da farar takarda a hannu. Da bakin nan nawa na ce masa, "Baba, kak ka damu, tana cikin kwamfuta."

Bayan kwana huɗu amsar Rifkatu ta iso, ni na buga ta a takarda na karanta masa. Ta ce, "Baba, wace ce wannan? Fuskar fara fat kamar an shafa alli, zanen kuma ya koma ruwan toka. Ina tsagar Mama?"

Na ce kwamfutarsu ce ba ta da kyau, har da 'yar dariyata. Amma hankalina bai kwanta ba. Na hau babur zuwa Kwalkwalawa, wurin wani abokina mai buga wa ɗalibai takardu, wanda yake da sabon allo. Muka buɗe shafin. Abin da nake gani wankan tarwaɗa a shagonmu, fari ne tas, duhun allona da jansa ne suka yi masa riga. Na komo na ɓare salatif ɗin Alhaji, na murɗa madannan zuwa tsakiya, sai ga farar fuskar nan tana kallona.

Na rage haske iya ragewa. Kumatun suka koma toka, babu komai a ciki. Ku riƙe wannan: abin da duhu ya ɓoye ana iya tono shi, amma wurin da aka ƙara wa haske har ya kai fari, ya tafi ke nan.

Da Alhaji ya ji, sai ya ce, "Mu munka yi ɓannar ga, ni da kai. Ka hwaɗa mashi gaskiya."

Washegari da hantsi na faɗa wa Malam Istifanus, ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Na ce, "Baba, ina iya maido launin jikinta. Tsagar ma ina iya zanawa, in ka gwada min inda take."

Ya jawo kujera. Muka gyara launin tare, yana cewa ƙara, rage, har ya ce ya isa. Sannan ya ɗora yatsa a kan allon, a kuncin hagu.

"Uku ne a nan, gajeru." Na zana. Ya duba, ya girgiza kai. "A'a, sun fi haka kwanciya. Ko huɗu ne? Ɗaya ta fi tsawo." Yatsan ya koma kuncin dama, ya dawo hagu, ya tsaya.

"Mu tambayi Rifkatu, Baba?"

"Ita a hoto ta san ta," in ji shi. "Ni na aure ta." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Kullum da safe ina gaishe ta a bango, ban taɓa ƙirgawa ba. Na ɗauka tana nan."

Ya ce in goge abin da na zana, ba zai sa mata tsagar wata ba. Haka na buga masa, kumatu sumul, ya naɗe a tawul ɗinsa ya yi min godiya. Godiyar nan ta fi mari zafi. Da ya fita na shiga ɗakin duhu na rufe ƙofa na yi kuka.

Tun daga ranar ban sake ajiye gyara a kan na asali ba. Ban sake yarda da allo ɗaya ba, sai na daidaita shi da farar takarda da baƙa, na buɗe hoton a intanet, na duba a allon wani, kafin in ce na gama. Kuna ce min tsoho mai naci, na ji. Amma mutanen da suke kawo mana hoto sun daina riƙe fuskar a ka, don sun ba takarda amana, takarda kuma ta ba mu. A Ingila yau akwai wata Saratu da ta girma tana kallon kakarta ba tsaga, kuma ni na yi mata haka.